Hancin da anka gina da haƙarƙari

Ki sa yatsa ki danna kan hancinki, za ki ji ya lotsa ya dawo, ki tura shi hagu ya tahi, ki tura shi dama ya tahi. Nawa bai yin haka. Tun daga tsakanin ido har tsini abu guda ne a tsaye ƙyam, in na tura shi sai dai duka ya motsa tare har in ji jan a leɓena na sama, sabida abin da ke ciki guntun haƙarƙarina ne anka yanko anka sassaƙe anka dasa. Shekaru ke nan muna tare, na saba da shi, amma ban taɓa wuni guda na manta shina nan ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wanga dogon zance, tun da bidiyoyin nan na TikTok da Instagram sunka yawaita, na 'yan mata a Istanbul da filasta bisa hanci suna ɗaga yatsu biyu, da wuya in je biki ko suna a nan Maradi ba a ja ni gefe ba. "Anti dan Allah nawa kinka kashe?" "Yaya da zafi?" "Hajiya ki taimaka min da lambar lokotoron." Kullum su ke nan, kuɗi, zafi, lamba. Har yau babu wadda ta tambaye ni yanda hancin ke min da hunturu ko yanda nike sujada, alhali can maganar take.

Ni dai ba kwalliya ta kai ni ba. Kabu-kabu ne ya zubar da ni wajen babbar kasuwa, wani mai amalanke ya yanko mana ba zato, na faɗi bisa fuska. Anka yi radiyo, wato hoton ƙashi, anka ce karaya ce kaɗan, kumburi zai saɓe, a gida Inna ta yi ta gashi da ruwan zafi kaman yanda anka saba. Ashe jini ne ya taru cikin bangon tsakiyar hanci, wannan da ya raba ƙofofin biyu. Shi guringuntsi ba shi da jijiyar jini tashi ta kanshi, daga wani siririn tantani da ke manne da shi yake samun abinci, to in jini ya shiga tsakani ya raba su, cikin 'yan kwanaki sai ya fara mutuwa, in ƙwayar cuta ta samu wurin ta yi ɗiwa kuwa sai ya narke. Haka nawa ya yi. Bayan wasu watanni karan hancin ya zauna a tsakiya, numfashi ya toshe, na koma barci baki buɗe da minshari, in tashi da asuba maƙoshi a bushe ƙamas. Shi ya sa nike roƙon iyaye, in yaro ya faɗi ko anka buge shi a hanci wajen ƙwallo ko dambe, kinka ga ƙofa biyun sun toshe kuma akwai wani jan abu mai laushi ya cika ciki, kar a tsaya gashi, a kai shi ga lokotoron hanci da kunne da maƙogwaro, wanda ake ce ma ORL, shi tsaga shi fidda jinin. Aikin 'yan mintoci ne, shina hana wanga dogon labari duka.

Wuri 3 ake samo guringuntsin da ake gina hanci da shi. Na farko shi wanga bangon tsakiya, kuma likitoci sun fi son shi dan miƙaƙƙe ne kuma a wuri guda aikin yake, sai dai ba a kwashe shi duka, dole a bar kaman santimita 1 ko ɗan fi ta sama da ta gaba ya riƙe hanci kar ya rufta. Na biyu kunne, ana shiga ta baya ko ta cikin kwarin kunnen a ɗebo, kunnen bai canza kama kuma ji bai taɓuwa, amma shi a lanƙwashe Allah ya yi shi kuma ba shi da ƙarfi, ya fi dacewa da ƙananan gyare-gyare wajen tsini da gefen ƙofa. Na uku haƙarƙari, ɓangaren gaba inda ƙashin ke komawa guringuntsi kahin ya haɗu da ƙashin ƙirji, yawanci na 6 ko na 7. Shi ne mai yawa, shi ne mai ƙarfi, shi ne kuma mai rigima.

Ga abin da masu tallan ba su faɗa ma 'yan matanmu. Balarabiya ko Baturkiya in ta tahi gyaran hanci yawanci ragewa ake, a kankare tudu a ɗan ɗaga tsini. Mu kuwa mai son hanci zuwat irin wanda zabiya ke yabo, ƙari za a yi mata, a ɗaga kara a tsawaita tsini, ga shi guringuntsin tsakiyar hancin yawancinmu ɗan kaɗan ne kuma mai laushi, fatar kuma mai kauri da maiƙo wadda sai da ginshiƙi mai ƙarfi take tashi. Ke nan "ɗan gyara kaɗan" da kike ji ana faɗa, a wurinmu sau da yawa ko dai a yanki ƙirji ko a sa silikon, wata irin roba.

Wallahi ƙirjin ya fi hancin azaba a farko, nesa ba kusa ba. Hancin nauyi ne da toshewa da kumburin ido, kin san an ce abin da ya taɓa hanci ido ruwa yake, amma ba wani zugi can ba. Shi ko ƙirji, tari ciwo, dariya ciwo, atishawa kuwa sai kin rungume matashi kin yi salati, tashi daga kwance sai kin mirgina gefe kin dafa. Yankan ƙarami ne, 'yan santimita a ƙarƙashin nono wajen lanƙwasar fata, galibi ta dama, amma duk numfashin da kinka ja sai wurin ya motsa, ba shi da hutu. Mace mai goyo, mai daka, mai ɗaukar bokitin ruwa ta lissafa makonni da dama da ba za ta iya ba. Kuma daf bayan haƙarƙarin nan tantanin huhu yake, in wuƙa ta huda shi iska na shiga ta danne huhun, ba kasafai ake samun haka ba kuma ƙwararren lokotoro shina dubawa kahin ya rufe, amma mai shirin hawa jirgi ta dawo gida kwana kaɗan bayan aiki ya kamata ta san da wannan, dan iskar da ta maƙale a ƙirji buɗewa take in jirgi ya yi sama. Yanzu ciwon ya tahi, sai dai in na kwanta ta wannan gefen na daɗe ko na ɗauki abu mai nauyi in ji wurin ya ɗaure, kuma in na laluba ina jin ɗan gurbin.

Sai tabo. Duk mun san wata da anka huda ma kunne wurin ya tsiro ya yi ƙululu mai sheƙi, shi ne likitoci ke ce ma keloyid, baƙar fata ta fi kowa yin shi, kuma cikin wuraren da ya fi so a jiki akwai ƙirji da kunne, wato daidai inda ake ɗebo guringuntsin. Nawa bai kai can ba amma ya yi tudu ya yi duhu, lokacin bazara in zufa ta kwanta ƙarƙashin rigar nono ƙaiƙayi yake kaman in yaga, sai da anka yi min allurar Kenacort cikin tabon kanshi kana ya kwanta. In a gidanku akwai masu irin wanga tabo, ki faɗa ma lokotoro tun kahin a kai ga zancen kuɗi.

To mu dawo kan hancin. Abu na farko da za ki tarar bayan an cire filasta shi ne tsinin ya sage, ki taɓa shi yatsa na ji hanci bai ji. Dan a sa dashen sai an ɗaga fata daga kan ƙashi da guringuntsi, ƙananan jijiyoyin da ke kai ji nan suna miƙewa ko su tsinke, kuma su a hankali suke tohowa, wata da watanni, wasu har ya haura shekara. Ni har haƙorana na gaba na sama da dasashin bayansu sun sage, in ciji ƙosai in ji kaman da haƙoran aro nike ci, sabida jijiyarsu ta gindin bangon hanci take bi. Lokacin da ji ya fara dawowa kuma sai tsira-tsira, wani ƙaiƙayi can ciki da ba a kai mishi hannu, ki sosa fata bai sosu ba. Haƙoran sun dawo daidai. Tsinin kuwa har yau akwai ɗan wuri da ji bai cika ba, kuma abin kunyar da ke ciki shi ne ruwa na iya zubowa daga hanci ba ki sani ba sai kin ji shi a leɓe, in ina cin tuwo da miya mai tonka cikin mutane hankici na hannuna.

Murmushi ma sai da ya canza. In mutum ya yi dariya kan hancinshi na ɗan saukowa, gefe ya buɗe, leɓe ya ɗaga, ba mu lura da haka sai ranar da ya daina. Da anka kafa ginshiƙi tsakanin ƙofofin sai leɓen sama ya yi nauyi, watannin farko in na yi dariya haƙora ba su fitowa sosai, ƙanwata ta ce Yaya kin koma murmushin amarya. Ya saki daga baya amma bai koma na da ba. Kumburi kuma shi ne mai cinye haƙuri, ana cewa sai wata 12 zuwa 18 ake ganin ainihin kamar hanci, mai fata mai kauri irin tamu kan kai shekara 2. Da safe ya fi girma, da marece ya saɓe, in kin ci gishiri da yawa ko kin yi kuka ko kin wuni a rana sai ya ƙaru. Hoton nan da ake sawa na "kahin" da "bayan" yawanci bisa teburin aiki ake ɗauka ko ranar cire filasta, kuma ba wannan hancin za ki zauna da shi ba.

Hunturun Maradi kuwa shi ke gwada aikin. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in buji ya taso gari ya yi fari fat, iskar asuba na bugun hancin in ji sanyi ya shige har cikin dashen shina zugi a hankali, tsinin ya yi sanyi ƙalau ya daɗe bai ɗumama ba. Ciki kuma ya bushe, tasono ya ƙame ya toshe hanya, in kinka matsa mishi sai haɓo. Tantanin cikin hanci da anka taɓa ɗagawa anka ɗinke bai cika riƙe laima kaman na da ba. Abin da ke taimakona ruwan serom ne na farmasi, wannan mai gishiri-gishiri da ake wanke ma jarirai hanci, safe da dare ina ɗurawa ya jiƙa kana in fyace a hankali, sai takunkumi in zan hau moto. Rob da mentilatom da mutanenmu ke cusawa cikin hanci ban sa su, sanyin da suke ba ki yaudara ce, ba su buɗe komai. Turaren wuta kuwa, ni da ke son shi kaman me, yanzu sai dai a turara ɗaki in na fita, haka hayaƙin ice da na soya tattasai, minti kaɗan hancin ya toshe ya kama zuba. Ƙamshi dai ya dawo bayan kumburin ciki ya sauka, alhamdu lillahi, dan makonnin farko ko miyar kuka ban jin daddawarta.

Salla ma akwai zance. Makonnin farko ba a fyace hanci, ba a shaƙa ruwa, ba a sunkuyar da kai sosai dan jini, ba a ɗora tabarau bisa kara sai bayan wajen wata guda ko fi. Na tambayi malaminmu na islamiyya ya ce shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne a alwala wajen Malikiyya, mai lalura ta bari, sujada kuma goshi ne farilla, in shi ma bai yiwuwa a yi ishara. Haka na yi ta yi a zaune. Yanzu ina sujadata daidai, amma na koyi kai goshi farko in bar hanci ya ɗan taɓa kawai, dan in na danna shi bisa tabarma ko siminti, tunda bai lotsawa, ƙarfin sai ya tahi kai tsaye gindin dashen har in ji shi a haƙora. Darduma mai kauri nike shimfiɗawa. Haka in ina wasa da ɗiyata ƙarama kullum hannuna na tsakanina da kanta, duk uwa ta san yanda yaro ke wurgo ƙeya ba sanarwa.

Masu cewa canza halitta ne, ni ba malama ba ce, amma hadisin Arfaja ɗan As'ad sananne ne, Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi: an yanke mishi hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi mishi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Da shi malamai ke kafa hujja cewa maido da abin da ya lalace magani ne. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma da ta zauna a Malesiya a 2007 haka ta rarrabe, gyaran nakasa ko rauni ko abin da ke hana gaɓa aikinta ya halatta, canza lafiyayyar halitta dan son zuciya ko kwaikwayon wasu bai halatta ba. Kowa ta san a wane layi take.

Babbar rigimar haƙarƙari ita ce lanƙwasa. Kin ga ɗanyen katako in kafinta ya tsaga shi ya yi ƙyaure, ranar farko a miƙe, in ya kwana biyu sai ya bankare ya ƙi rufuwa, to haka yake. Haƙarƙari dama a gantsare yake kewaye da ƙirji, akwai ɗauri a cikinshi, in anka yanki gefe guda sai ya ja ta wancan gefen. Tun 1958 wasu likitocin Birtaniya, Gibson da Davis, sunka nuna cewa in anka sassaƙe shi daidai wa daida ta kowane gefe anka ɗauki tsakiyar, lanƙwasar na raguwa, shi ya sa har yau ake yanka shi a jiƙa cikin ruwan serom a jira a ga inda zai karkata kahin a dasa. Wasu kuma sun ce a daddatsa shi ƙanana-ƙanana kawai a naɗe a shimfiɗa bisa kara, wani lokotoron Turkiyya mai suna Onur Erol ya shahara da wagga dabara a 2000, daga baya wasu sunka koma naɗe shi cikin tantanin da ke lulluɓe naman gefen kai, wanda ke nufin ƙarin yanka cikin gashi. Duk da haka babu mai iya rantse miki cewa ba zai motsa ba, wani cikin makonni yake karkata, wani sai an yi watanni ana murna. Kuma in shekaru sun ja guringuntsin haƙarƙari na ƙandarewa ya fara zama ƙashi, bai lanƙwasa sosai amma shina wuyar sassaƙa shina tsagewa, shi ya sa ake ma manya sikane, hoton cikin ƙirji, kahin a taɓa.

Akwai kuma zaizayewa, jiki ya riƙa cinye dashen kaɗan-kaɗan har kara ya ɗan sauka ko gefe guda ya fi guda. Naki na jikinki ya fi daɗewa, amma akwai haƙarƙarin mamaci da ake tsabtacewa a sayar ma asibitoci, mai amfani da shi ta huta da yankan ƙirji, sai dai ya kamata a faɗa mata shi za a sa mata tun kahin ta yi barci. Da tahiyar shekaru fata na ƙara ɗamewa bisa ginin, gefen dashen da ba a gani da sai ya fara bayyana ko a ji shi da yatsa. Silikon kuwa sauƙi ne da shi da araha ranar aiki, amma baƙo ne a jiki har abada, shina iya gocewa, shina iya yin ɗiwa bayan shekaru ba dalili, shina iya cin fata ta tsini ta yi ja ta yi siriri har ya ɓullo waje. Duk hancin da anka dasa ma wani abu, in ya yi ja ya yi zafi ya kumbura ko ya fara wari, ba na jira ba ne kuma ba na sayen kafso a tebur ba ne. Sai allurar ciko da yanzu har a shagunan kwalliya ake yi wai ɗaga hanci ba tiyata, wannan ita ta fi ba ni tsoro, sabida jijiyoyin jinin hanci a haɗe suke da na ido, in abin ya shiga jijiya fata na iya mutuwa, ido na iya makancewa nan take, kuma hancin da anka taɓa yi ma aiki ya fi shiga wanga haɗari.

Numfashi shi ne abin da 'yan kwalliya ba su sawa a lissafi. Ni aikin buɗe min hanya ya yi. Amma wadda ke da ƙofofi masu faɗi tana shaƙar iskarta lafiya lau, anka yanke gefe anka matse dan ya yi siriri, tana iya tashi da hanci mai kyau a hoto wanda in ta ja iska da ƙarfi gefen ke manne ciki ya rufe. Naman da anka yanke daga gefen ƙofa kuma bai dawowa, ga tabo a wurin da hoda ba ta cika ɓoyewa. In kuma wajen ɗebo guringuntsin tsakiya tantanin ya yage ta gefe biyu, sai huda ta zauna a bangon, mutum na numfashi ana jin ɗan fito, ga tasono ga haɓo, kuma toshe ta aiki ne mai wuya.

Alƙaluman da likitocin wanga fanni ke yawan kawowa, cikin mutum 100 da anka yi ma gyaran hanci tsakanin 5 zuwa 15 na komawa a sake taɓawa. Ba a sakewa sai an jira wajen shekara guda, kuma na biyu ya fi na farko wuya da tsada dan ciki ya cika da tabo, guringuntsin tsakiya an riga an cinye, sai a koma kunne ko wani haƙarƙarin. To ki tsaya ki duba inda muke. Wanda ya yi aikin shina Istanbul ko Alƙahira ko Tunis ko Indiya, ke kina nan Maradi a unguwar Zariya ko Bagalam ko Ali Dan Sofo, ko Yamai ma sai kin ci sama da kilomita 600. In abu ya taso sai hoto ta WhatsApp, kuma galibi ba lokotoron ke amsawa ba, wani ɗan tsakani ne da zai ce miki kumburi ne ki yi haƙuri. Mun kuma ga yanda anka rufe iyaka a 2023, Katsina da ke nan kusa ta Dan Isa da Jibiya ta zama tahiya mai wuya balle wata ƙasa. Dan haka duk wadda ta ƙudura sai ta yi, kar ta baro can sai da takardar bayanin aikin a hannu, wadda ta faɗi me anka ɗebo, daga ina, me anka dasa, a ina, akwai silikon ko babu, kuma tun kahin ta tahi ta samu ORL a nan gida wanda ya yarda zai riƙa dubata. Likitocinmu na ƙoƙari, amma ba daɗi a kawo musu hancin da ba su san me ke ciki ba.

Wani abu da mata ke ɓoye ma lokotoro shi ne man bilicin. Yawancin mayukan nan akwai kortizon a ciki, shina sirantar da fata shina hana rauni warkewa da wuri, ga shi za a ɗaga fatar a miƙe ta bisa sabon gini. Haka sigari da shisha, suna matse ƙananan jijiyoyin jini, tsinin hanci kuma dama da ƙyar jini ke isarshi bayan aiki. Mai sikila, mai suga, mai hawan jini, dole a sani kahin allurar barci, dan aikin haƙarƙari awoyi yake ɗauka.

Kar a ce na ɓata aikin gaba ɗaya. Wanda ya taɓa ganin yaron da ciwon noma ya ci ma fuska, wanga ciwo da ke farawa daga dasashi ya cinye kumatu da leɓe da hanci cikin kwanaki, galibi yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, ya san darajar mutumin da ya iya gina hanci daga haƙarƙari. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na noma tun 1999, a Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara, kuma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da anka yi sakaci da su. Haka masu tsagaggen leɓe da hancinsu ke kwantawa gefe guda, da irinmu 'yan hatsarin moto da ba mu ƙirguwa a garin nan. Mu in anka ce hanci zai sage ko zai yi zugi da hunturu, ciniki ne mai riba.

Nawa ma ya ɗan karkata hagu, kaɗan, ba kowa ke lura ba sai in haske ya bugo ta gefe ko a hoton fasfo. Na nuna ma wani ORL a Yamai ya laluba ya ce dashen ne ya ɗan ja, ana iya buɗewa a kankare ko a fidda shi a sake sassaƙawa, amma bai yi min alkawarin ba za a buƙaci wani guntun haƙarƙari ba. Na ce mishi lokotoro a bar shi. Ƙofa biyun na shan iska, ina barci baki rufe, maigida ya daina tashina cikin dare wai in gyara kwanciya. Abin da nike yi kawai, duk bayan ƙaramar salla ina ɗaukar shi hoto ta gaba da ta gefe da ta ƙasa a wuri guda cikin haske guda in ajiye a waya, dan in ya ƙara motsawa in gani da idona in koma da hujja.